Akwatin da Bernard Ya Yi wa Mai Rai

Duk wanda ya bi layin masu katako a Muchia zai ga wata rumfar kwano da ƙofarta ba ta rufuwa sosai. Nan Bernard kafinta yake aiki tun gashin kansa yana baƙi. Gajere ne kakkaura, ba shi da yawan magana, in ma ya yi ta a hankali take fitowa. Yana yin kujeru da gadaje da bencin coci, amma abin da aka fi saninsa da shi akwatin gawa ne. Mata masu talla in sun zo daidai rumfarsa sukan tsallaka ɗaya gefen titi, sai sun wuce su dawo.

Ba shi ya zaɓi wannan aikin ba. Daga wani ƙauye a gefen Ikara ya zo Zariya yana saurayi, ya koyi kafinta a hannun wani Bayarabe a Jushi. Wata rana wani dattijon ikilisiyarsu ya rasu, aka rasa mai yin akwati da sauri, Fasto ya ce Bernard ya gwada. Ya yi, aikin ya yi kyau, shi ke nan. Tun daga lokacin, in an yi rashi a gidan Kirista a Muchia ko Dogarawa, kafin a gama kukan farko wani ya hau acaɓa ya nufi rumfarsa da igiya a hannu. Haka ake yi: a auna mamaci da igiya, a ƙulla ta daidai tsawonsa, a kawo wa kafinta. Bernard ya karɓi igiyoyi da yawa a rayuwarsa, har da ta matarsa. 'Ya'yansa sun girma sun watse, babbar tana aure a Kaduna. Abin da ya rage masa a Zariya shi ne rumfar, da coci, da abokinsa Mordecai.

Mordecai mutumin wajen Zonkwa ne, direban tarakta a wata gona a Samaru har ya yi ritaya. Babu mai tsawonsa a cocinsu. Sai ya sunkuya yake shiga kowace ƙofa, in kuma ya tsaya a bayan mawaƙa kansa kaɗai ake hangowa. Shi yana kiran Bernard Gajere, Bernard yana kiransa Dogo. Kowace Lahadi bayan sujada Bernard yakan hau bas zuwa Samaru, su ci fate, su yi dara a gindin mangwaro suna zolayar juna har rana ta yi sanyi.

Abu ɗaya ne ba a wasa da shi a gaban Mordecai, wato maganar yayansa Shekari da ke ƙauye. Lokacin da babansu ya rasu, Shekari ne ya sayo akwati, ya zo bai kai tsawon tsohon ba, sai da aka lanƙwasa masa gwiwa kafin murfi ya rufu. Mordecai ya zagi yayansa a bakin kabari, a gaban dangi da surukai. Tun ranar ba su sake magana ba. Tun ranar kuma Mordecai bai sake cin Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a coci. In an zo miƙa masa gurasar yakan naɗe dogayen hannuwansa ya girgiza kai, domin ya san sai mutum ya shirya da ɗan'uwansa tukuna. Kullum yana cewa zai je. Shekaru suka yi ta wucewa bai je ba.

Bara da bazara ciwo ya kama shi. Aka kwantar da shi a asibiti, aka sallamo shi, aka ce yana samun sauƙi.

Wata Talata da hantsi, damina ta kankama, hadari ya tsaya a gabas ya ƙi zubowa ya ƙi tafiya, sai ga Rhoda matar Mordecai a bakin rumfa. Tare take da 'yarsu Happiness, wadda take koyarwa a wata sakandare a Samaru. Bernard ya ajiye zarto ya jawo musu benci.

"Maman Happiness, ke ce da kanki? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Malam Bernard."

Sai ta kwance bakin zanenta ta ciro igiya mai ƙulli. Bernard ya dafa teburin aikinsa.

"Yaushe?" ya ce.

"Bai mutu ba. Na baro shi yana shan kunu. Jiya yana barcin rana na auna shi."

Ta faɗi sauran tana kallon ƙasa. Likita ya kira su gefe, ita da Happiness, ya ce ciwon daji ne ya cinye hantar, babu abin da za a iya yi, su kai shi gida su kula da shi. Ya ce ba lallai ya ga kaka ba. Su kuma suka gaya wa Mordecai cewa shawara ce mai naci, sai a hankali take sakin mutum.

"Ka san abin da aka yi wa babansa," in ji Rhoda. "Ba zan yarda a lanƙwasa wa mijina gwiwa ba. Katako mai tsawonsa kuwa ba a samunsa rana ɗaya, kai ma ka sani."

Bernard ya sani. Ya karɓi igiyar, ya ji ta da nauyi a hannu.

"Shi ya san an zo nan?"

"Bai sani ba, Kawu," in ji Happiness, "kuma ba zai sani ba. Don Allah ka rufa mana asiri."

Bernard ya ce to. Daga baya ya yi ta mamakin yadda kalmar ta fito masa da sauƙi haka.

Sai da ya zaga kasuwar katako kafin ya sami maɗaci mai tsawon da yake so, a shagon wani ɗan ƙabilar Ibo mai suna Emenike. Emenike ya ga yadda yake miƙa igiya a kan katakon, ya ce, "Baba Kafinta, wannan na ƙofar coci ne ko na mutum?"

"Na mutum ne."

"Chineke! Allah ya ji ƙansa."

Bernard ya buɗe baki zai ce amin, sai ya rufe.

Ran Lahadi ya tafi Samaru kamar kullum. Ya tarar an fito da Mordecai gindin mangwaro a kan tabarma. Idanunsa sun yi rawaya, wuyansa ya zama siriri, cikinsa kuma ya ɗago a ƙarƙashin riga. Amma bakinsa yana nan.

"Gajere! Ka ƙara gajarta ne, ko ni ne nake ƙara tsawo a kwance?"

"Kai dai ka tashi mu auna."

"Zan tashi. Shawara ce kawai, ta sami gidan haya mai faɗi ta ƙi fita." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya rage murya. "Na yanke shawara, Gajere. Kirsimetin nan zan je gida in kama ƙafar Shekari. Na gaji da naɗe hannu a coci kamar baƙo."

"Me zai hana ka tafi yanzu?"

"A haka? Ya ga na zo kamar kara, ya ce ciwo ne ya koro ni? A'a. Sai na yi ƙiba, in shiga gidansa da ƙafata, ya san don Allah na zo." Ya juyo ya dubi Bernard sosai. "Kai da ba ka iya daɗin baki ba, ya ka ga jikin nawa?"

A bayan Mordecai, Happiness tana tsaye a bakin ƙofa da kwano a hannu.

"Da sauƙi," in ji Bernard.

Da zai tafi ta raka shi bakin titi. Suka tsaya kusa da mai gasa masara, hayaƙi yana bi ta tsakaninsu.

"'Yata, yau na yi wa babanki ƙarya."

"Ba ƙarya ba ce, Kawu. Ba ka ga ya cinye faten ba? Tun da muka ce masa shawara ce yake cin abinci. Likita ya duba hoto ya faɗi abin da ya gani, wannan gaskiyar likita ce. Baba ya gaskata zai tashi, wannan kuma tasa ce. Kowa da gaskiyarsa a duniyar nan. Ni dai wadda take sa shi dariya nake bi."

"Amma abin da ke cikinsa guda ɗaya ne."

"Ku ne fa kuka koya mana bangaskiya a makarantar Lahadi. Yanzu mutum ya ba da gaskiya zai warke, kai ne za ka je ka ce masa a'a?"

"Yana jiran Kirsimeti, Happiness. Da ya sani, da gobe zai tafi wurin Shekari."

"Baba Shekari ya taɓa nemanmu? Ko gaisuwa?" Ta share hawaye. "Babana ne. Ni nake wanke masa jiki, ni nake jin nishinsa. In ka gaya masa zai daina ci, zai kwanta ya juya wa bango fuska, kuma kai ne ka kashe shi. Ka bar mana shi, ko na ɗan lokaci ne."

Bernard ba mai saurin amsa ba ne, ga kuma yarinyar da ya ɗauka a kafaɗa tana ƙarama tana kuka a gabansa. Sai da bas ta kai Kwangila amsar ta zo masa, lokacin da babu wanda zai faɗa wa. Bangaskiyar da suka koya wa yara ga Allah take, Allah kuwa ba ya ƙarya. Ba su taɓa koya musu su ƙirƙiro labari su miƙa wa mutum ya jingina da shi ba. Ya roƙi Allah ya warkar da Dogo, yana kan roƙo, ya kuma san Allah yana iyawa. Amma shawara ba ita ce a cikin mutumin ba, ko duk Samaru ta taru ta ce ita ce. In da gaske gaskiya biyu ce, me ya sa aka kawo igiya guda? Ya dubi tafin hannunsa, ga tabon maɗaci ja a jiki.

Duk da haka bai faɗa ba. Ya yi alkawari, kuma maganar Happiness ta tsaya masa a ƙirji. Ya ci gaba da aikin a can ƙuryar rumfa, in ya tashi ya rufe da tamfol. Da safe yakan yi addu'ar warkewar abokinsa, ya gama ya ɗauki guduma. Kowace ƙusa ya buga sai ya ji kamar ana jinta har Samaru. Lahadi ta sake zagayowa, ya aika cewa bayansa yana ciwo, bai je ba. Wannan ma ƙarya ce, ya kuma lura ta fi ta farko sauƙin fita.

Ranar Alhamis gari ya yi duhu tun da azahar, aka kuma ɗauke wuta. Bernard ya jawo akwatin bakin rumfa inda akwai ɗan haske, yana goge murfin da samfefa. Bai ji tsayawar keke napep ba. Inuwa kawai ya ga ta rufe masa aikin.

"Mai ciwon baya! Ashe ƙaryar tsufa kake yi."

Mordecai ne, riƙe da ƙarfen rumfa, rigarsa tana lilo a jikinsa. Ya ce yau ya tashi da ƙarfi, ya bar Rhoda ta tafi zumuntar mata ya sulale. Kujera ya zo a yi masa, irin mai jingina ta tsofaffi, wadda zai kai wa Shekari tsaraba.

"Ba sauri nake ba, Kirsimeti da saura. Amma ka yi ta da tsawo, ka san mu ba irinku ba ne." Sai idonsa ya sauka a kan aikin. "Kai! Wane basamude ne ya mutu a Sabon Gari ban ji ba?"

Ya saki ƙarfen ya tako a hankali, yana shafa gefen akwatin tun daga kai har ƙafa.

"Maɗaci ne ma. An kashe wa mutumin nan hankali. Ni fa duk dogayen garin nan na san su, ta saman kawunanku muke gaisawa. Wane ne?"

Yana dariya ya faɗa. Bernard bai ɗago ba. Dariyar ta yi ta raguwa har ta ƙare. Iska ta taso ta kaɗa tamfol, wani kwano ya yi ƙara a saman rumfar maƙwabta.

"Gajere. Na wa ne?"

Amsa tana nan a shirye a bakin Bernard. Na wani ne daga Giwa. Na wani soja ne daga Basawa. Ko wanne ya faɗa Dogo zai karɓa, don yana son ya karɓa, ya koma gida ya sha kunu ya ci gaba da jiran Kirsimeti. Ya tuna fuskar Happiness a bakin titi. Ya san in ya faɗi ɗaya maganar, ba zai iya mayar da ita ba, kuma wataƙila yarinyar ta yi daidai game da abin da zai biyo baya. Amma mutumin ya tambaye shi, Allah kuma yana ji.

Ya ajiye samfefa.

"Naka ne, Dogo."

Ruwa ya fara sauka a kan kwano, ɗigo manya-manya. Mordecai ya nemi benci da hannu ya zauna. Ya daɗe yana kallon akwatin.

"Wa ya kawo igiya?"

"Rhoda. Kana barci ta auna ka. Tsoro take ji kada a yi maka irin ta Baba."

"Ba shawara ba ce ke nan."

"Daji ne, a hanta. Likita ya ce ba lallai ka ga kaka ba."

"Kuma ka zauna a tabarmata, ka ci fatena, ka dube ni ka ce da sauƙi."

"Na ce."

"Munafukin banza."

"Haka ne. Ka yafe mini."

Mordecai ya rufe fuska da hannuwansa. Kafaɗunsa suka yi ta girgiza, ruwan sama ya rufe sautin. Bernard ya tsaya a gefensa bai taɓa shi ba. Can Mordecai ya share ido da bakin riga, ya yi ajiyar zuciya.

"Ka bar maganar kujera. Ka nemo mini mota, jibi da safe."

"Wannan fa?"

"A ɗaura shi a sama. Wa zai sake biyo hanyar nan don ɗaukar katako?"

Washegari Happiness ta zo Muchia. Ba ta shiga rumfar ba, a titi ta tsaya.

"Ka ji daɗi, Kawu? Tun jiya ko ruwa da ƙyar yake haɗiya. Ka ba shi gaskiyarka, ga ta nan tana cin sa."

Bernard ya ce, "Ya tambaye ni, 'yata."

Ta juya ta tafi.

Asabar suka kama hanyar Zonkwa a wata tsohuwar bas, akwatin a sama an rufe shi da tamfol an ɗaure da igiyar roba. Mordecai yana gaba an kwantar masa da kujera, Rhoda da Happiness da Bernard suna baya. Mordecai ya hana a yi wa Shekari waya, ya ce in ya ji zai tsere gona ya ƙi dawowa. A kowane shingen hanya jami'ai sukan dubi saman bas su cire hula su ce a wuce, Mordecai yana kallonsu ta gilashi. Bayan Kachia ya fara nishi, Rhoda ta riƙa jiƙa masa leɓe da ruwa. Bernard yana ta kallon ƙeyarsa yana roƙon Allah a zuci kada numfashin ya tsaya a hanya.

Da la'asar suka shiga ƙauyen. Tamfol ba ya ɓoye siffar akwati, kuma duk garin sun san gida ɗaya ne ake yi wa mai wannan tsawon. Tun kafin bas ta tsaya mata suka fasa kuka. Wani dogon tsoho ya fito daga bayan rumbu da fartanya a kafaɗa. Ya dubi saman motar, ya dubi Rhoda ta taga, fartanyar ta faɗi. Ya ɗora hannu biyu a ka ya zube a gaban motar cikin taɓo.

"Ƙanena! Wayyo ƙanena! Haka za ka dawo mini? Ka tafi ban ce maka komai ba!"

Mordecai ya kama marfin ƙofa ya ja, hannunsa ba ƙarfi.

"Gajere," ya ce, "zo ka buɗe mini."

Bernard ya sauka ya buɗe. Sai da shi da direba suka tallafe shi kafin ya tsaya. Kukan matan ya yanke, wasu suka ja da baya a guje. Mordecai ya saki kafaɗar Bernard ya durƙusa a taɓon, ya kama ƙafar yayansa.

Ranar Lahadi Faston ƙauyen ya kawo Jibin Ubangiji har ɗaki, 'yan'uwan biyu suka ci tare. Kafin wata Lahadin Mordecai ya rasu. Ko masara ba ta fara bushewa a gona ba.

Bernard yana nan a Muchia, yana aikinsa. Rhoda takan aiko masa da fate lokaci-lokaci. Happiness kuwa in sun haɗu a coci a tsaye take gaishe shi, ba ta rusunawa. Ta gaya wa mutane cewa da an bar babanta da abin da ya gaskata, da ya ga kaka, wataƙila har Kirsimeti. Bernard bai taɓa musa mata ba, domin bai sani ba. Mai yiwuwa ne ya rage wa abokinsa kwanaki, kuma yana ɗauke da wannan. Abin da ya sani shi ne ciwon yana nan ko an faɗa ko ba a faɗa ba, kuma Dogo ne yake da haƙƙin sanin abin da zai yi da sauran kwanakinsa.

Kwanan baya wani tari ya kama Bernard da ya ƙi jin magani. 'Yarsa ta Kaduna ta zo ta kai shi asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa, ta ce sakamako sai wani satin, ita za ta karɓo. Da ta koma ya kira ta a waya.

"In likita ya kira ki gefe, ko me ya ce, ki gaya mini yadda ya faɗa. Ki yi mini alkawari."

"Haba Baba, wane irin zance ne wannan? To, na yi."

Da sauri ta amsa, tana 'yar dariya. Bayan ta kashe, Bernard ya daɗe a zaune riƙe da wayar, bai san ko gaskiya ta faɗa masa ba.